Tsibirin Ayoru: baƙi sun zo kallo sun tahi, an bar masu gida da dorina



In aka ce tsibiri, mu ƴan Arewa hankalinmu sai ya tahi can bakin teku, irin wuraren da muke gani a telbijin. Alhali nan cikin Nijar muna da tsibirai da dama. Kogin Isa ya ratsa ƙasarmu tsawon kilomita 550, kuma tun daga iyakar Mali har Gaya cike yake da su. Ko a jaharmu ta Dosso akwai tsibirin Lete, wanda muka daɗe muna jayayya da Benin a kansa, har kotun duniya ta raba gardama ranar 12 ga Yuli 2005. Cikin tsibirai 25 ta ba Nijar 16, har da Lete, ta ba Benin 9.

Amma tsibirin da ya fi shan idon baƙi a tarihin ƙasar nan shi ne na Ayoru. Yanzu da ake ta maganar raya yawon buɗe ido na cikin gida, kuma mu ma muna da wuraren tarihi irin su Lugu da Bagaji da ake zuwa gani, ya kamata mu ji yadda ta kaya tsakanin mutanen Ayoru da baƙinsu. Wa ya ci riba, wa aka bari da wahala, kuma a ina mai gida ya samu bakin magana.

GARI BIYU, SUNA ƊAYA

Ayoru na cikin jahar Tilaberi, kimanin kilomita 200 daga Yamai bisa hanyar Gao, ba nisa da iyakar Mali. Gari biyu ne. Akwai tsohon garin da ke tsakiyar ruwa, ana ce mishi Ayoru Gungu, sannan akwai na bakin gaɓa inda kasuwa da ma'aikatun gwamnati suke, ana ce mishi Ayoru Hausa. Kada sunan ya ruɗe ku. A wajen mutanen kogi, gaɓar hagu ta gabas ita ce Hausa, gaɓar dama kuma Gurma. Kalmar gungu ma ba baƙuwa ba ce gare mu, don Gungawan Yawuri daga zaman tsibiri suka samo sunansu.

Masu ruwa a wannan yanki su ne Sorko, waɗanda Hausawan Kabi ke kira Sarkawa. Su ke su, su ke sassaƙa jirgi da ɗinke shi, kuma a da su kaɗai ke da ikon farautar dorina. Farautar ba ta wasa ba ce. Sai an yi shiri na kwanaki, an nemi izinin iskokin ruwa bisa al'adarsu, an haɗa babban jirgi mai kauri, an tanadi mashi mai ƙugiya da aka ɗaura wa abin da zai sa ya riƙa yawo bisa ruwa don a san inda dabbar ta nufa. Babbar dorina ta fi tan ɗaya da rabi nauyi. Da rana tana kwance cikin ruwa, da dare ta fito kiwo, ta ci burgu, in ta samu gonar shinkafa ta share ta kafin asuba. To wannan farauta ta Sarkawa ita ke rage yawansu, ita ke sa su jin tsoron mutum, ga kuma nama da gari ke rabawa.

BAƘON DA YA ZO DA KYAMARA

Cikin waɗanda suka kai sunan Ayoru Turai akwai wani Bafaranshe, Jean Rouch. Ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, ya ƙulla abota da Damure Zika, ɗan Sarkawa. A 1946 zuwa 1947 shi da abokansa biyu suka biyo kogin tun daga mafarinsa a Gine har inda ya faɗa teku. A hanya ya ɗauki hoton farautar dorina a yankin Ayoru. Da ya koma Paris, kamfanin da ya sayi hotunan ya yanka su yadda ya ga dama, ya cusa hotunan namun daji na wasu wurare, ya sa mai sharhi yana zuzuta abin kamar ana ba da labarin dodanni. Aka sa wa fim ɗin suna Au pays des mages noirs, wato ƙasar baƙaƙen matsafa, aka nuna shi a 1947. Shi kansa Rouch daga baya ya sha faɗin cewa abin bai yi mishi daɗi ba. Amma ka ga hoton da Bature ya samu na mutanen tsibirin nan ke nan, kuma ba wanda ya tambaye su ko haka suke.

A 1951 ya dawo ya bi Sarkawan Ayoru da Firgun wata da watanni, ya yi wani fim ɗin mai suna Bataille sur le grand fleuve, wato yaƙi bisa babban kogi. A wannan karon ya yi abin da ba a saba ba. Bayan ƴan shekaru ya ɗauko fim ɗin da injin lantarki ya kawo Ayoru, aka rataya farin ƙyalle, aka tara jama'a da dare. Mutane suka ga kansu, suka ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya suna motsi, aka yi ta koke-koke. Da aka maimaita kallo, sai masunta suka fara gyara mishi. Babban abin da suka ƙi shi ne kiɗan da ya sa bisa hoton farautar. Suka nuna mishi cewa ba a kiɗa in ana bin dorina, don kunnenta na ji ƙwarai ko tana ƙarƙashin ruwa, mafarauci shiru yake yi. Rouch ya karɓi gyaran, ya cire kiɗan, kuma ya riƙe wannan darasi har ƙarshen aikinsa. A wurin kallon nan ne ma wani maharbi ya gayyace shi ya zo ya ga yadda suke farautar zaki da kwari da baka, wanda ya zama fim a 1965. Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu 2004, an binne shi a Yamai.

Ku riƙe wannan dare na farin ƙyalle. Baƙo ya dawo da abin da ya ɗauka, ya aje gaban masu shi, sun ce ga kuskure, ya gyara. Cikin dubban baƙin da suka biyo baya da kyamara, kaɗan ne ƙwarai suka yi haka.

ZAMANIN TURIS

Shekarun 1970 su ne lokacin da kuɗɗin uranium suka fara shigowa. An fara haƙa a Arlit a 1971, kamfani na biyu ya bi baya a 1978. Yamai ta cika da Turawa ma'aikata, malaman lise, likitoci, injiniyoyi, ƴan furoje. Duk waɗannan mutane suna da mota, suna da hutun ƙarshen mako, suna neman wurin zuwa. Ayoru kuwa kasuwarta ran Lahadi take ci. Sai abin ya zo daidai wa daida. A tashi Yamai ran Asabar, a kwana otel ɗin bakin kogi mai suna Amenokal, wanda ya aro sunansa daga sarautar Abzinawa, da yamma a shiga jirgi a je wajen Firgun kallon dorina, da safe a tsaya bakin ruwa a ga jirage na isowa daga tsibirai da Gurma cike da mutane da kaya da bisashe. Kasuwar na haɗa Buzaye da raƙumansu, Fulani da shanunsu, Songai, Kurte, Wogo, da fataken Hausa. Littattafan jagorar matafiya na Turai duk sun sa ta cikin kasuwannin da ya kamata a gani a Afirka ta Yamma.

Ban da mazauna Yamai, akwai masu ratso hamada. Samarin Turai kan sayi tsohuwar Peugeot 404 ko 504, su biyo ta Tamanrasset, Asamaka, Arlit, Agadez, Tawa, Ƙonni, su sayar da ita a hanya ko a Yamai ko Kwatano, kuɗɗin su biya musu jirgin komawa. Manyanmu na Dogon Dutsi da Kore Mairuwa sun san su sarai, don ta gabansu suke wucewa, jajaye wur da ƙura. Sannan ga tseren motoci na Paris-Dakar, wanda karonsa na farko ya tashi Paris ranar 26 ga Disamba 1978, ya biyo Agadez da Yamai ya nufi Gao. Hotunan tseren sun ƙara jawo wasu.

Ba za a ce Ayoru ba ta samu komai ba. Masu jirgi sun samu na cefane, maƙeran Buzaye sun sayar da takubba da zobban azurfa, mata sun sayar da tabarmi da kayan fata, samari sun koyi Faransanci a bakin kogi sun zama gid. Amma a duba yadda kuɗɗin ke tahiya. Abin da turis ke kashewa mai yawa, tikitin jirgin sama ne, hayar mota, man fetur, ɗakin kwana da abinci. Waɗannan duk ana biyansu tun a Paris ko a Yamai, ko a gaɓa. Abin da ke ƙetara ruwa ya isa cikin gungu shi ne ɗan kuɗin jirgi da canjin da ya rage a aljihu. Mutanen da aka zo kallo su ne na ƙarshe a layin rabo.

HALIN BAƘO DA HALIN MAI GIDA

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Raɓar nan kuwa takan bar tabo. Abubuwan da aka yi ta kuka da su a Ayoru su ne dai waɗanda ake kuka da su a duk inda turis ya yi yawa.

Na farko hoto. Mace na wanka ko wanki bakin ruwa, sai ta ɗaga kai ta ga kyamara. Tsoho na cinikin akuya, an ɗauke shi ba sallama. Hoton ya tahi ya zama kati ana sayarwa, ko ya shiga littafi, mai shi bai sani ba, bai samu ko dala ba. Daga nan mutane suka koyi cewa fuska ma haja ce, suka fara cewa sai an biya, baƙi kuma suka koma suna gunaguni wai mutanen sun lalace da son kuɗi.

Na biyu kado. Baƙo ya cika aljihu da alawa da bik, yana watsa wa yara daga cikin mota ko daga cikin jirgi, yana jin daɗin yadda suke wawaso. A ganinsa alheri ya yi. Abin da ya bari a baya shi ne yaro da ya gane cewa bin Anasara na kawo abin da zaman aji bai kawowa. Kalmar nan ta "kado, kado" da ɗiyanmu suka riƙa bin fararen fata da ita tun daga Agadez har Gaya, ba da ita aka haife su ba, koya musu aka yi.

Na uku shiga. Garin Musulmi, ranar kasuwa, ga mutum da gajeren wando ko rigar da ba ta rufe komai ba, yana ratsa tsakanin dattawa. Mafi yawansu ba da niyyar cin mutunci suke yi ba, ba wanda ya gaya musu ne. Gid ɗin da ya kamata ya faɗa yana tsoron kada ya ɓata wa mai ba shi kuɗi rai.

Na huɗu ya fi haɗari. Mai kyamara kullum so yake a ƙara matsawa kusa da dorina. Mai jirgi ya san iyakar da ubansa ya koya mishi, ya san uwa mai ɗa ba a kusantarta. Amma in an ɗaga mishi jikka biyu, ga gida ba hatsi, sai ya ƙara tuƙi.

In za a faɗi gaskiya, laifin bai tsaya ga baƙo ba. Wanda ya zo kwana ɗaya bai san dokar gari ba sai an gaya mishi, kuma a lokacin babu wata tsayayyar ƙa'ida da gari ya aje wadda kowane mai jirgi da kowane gid zai tsaya a kanta. Kowa na tsoron in ya ce a'a, na kusa da shi zai ce i.

RANAR DA BAƘI SUKA DAINA ZUWA

Kasuwar turis kamar tsuntsu take, ƙara ɗaya ke tashinta. Farashin uranium ya faɗi tun farkon shekarun 1980, Turawan Yamai suka fara raguwa. Tawayen arewa ya ɓarke a 1990, bai lafa ba sai da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Rikicin Aljeriya daga 1992 ya toshe hanyar hamada, masu Peugeot suka ɓace. An ɗan farfaɗo, sai tawaye na biyu daga 2007 zuwa 2009. A watan Janairu 2009 aka sace turis Turawa a kan iyakar Nijar da Mali, a Janairu 2011 aka ɗauke samarin Faransa biyu daga wani gidan abinci a tsakiyar Yamai. A 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun masu bindiga, sai Ayoru ta koma karɓar wasu irin baƙi, ƴan gudun hijira, aka kafa musu sansani a Tabarebare. A 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a yankin, kuma ranar 21 ga Oktoba na wannan shekara aka kai hari barikin jandarmomin Ayoru, aka kashe 13. Allah ya jiƙansu.

Turis ya canza tikiti ya tahi wata ƙasa. Saurayin da ya bar su ko noma ya zama gid, ya wayi gari da Faransanci a baki ba mai saye.

Dorina kuwa ba ta je ko'ina ba. Tun zamanin mulkin mallaka aka fara taƙaita farautarta, kuma dokar farauta ta 29 ga Afrilu 1998 ta sa ta cikin dabbobin da aka hana taɓawa kwata-kwata. Ɗaya daga cikin hujjojin da aka riƙa ba mutanen kogi shi ne, dabbar nan dukiya ce, ita ke kawo baƙi. To baƙin sun daina zuwa, dorinar ta ƙaru, ta daina tsoron mutum. Tana cin shinkafa, tana kashe shanu wajen burgu, tana kifar da jirage. A watan Nuwamba 2014, a Libore kusa da Yamai, dorina ta kifar da jirgin da ke ɗauke da ƴan makaranta, mutum 13 suka rasu, 12 yara ne. A 2017 haƙurin mutanen yankin Ayoru ya ƙare, hukumomi suka ce an kashe dorina aƙalla 27 cikin ƴan watanni, aka kama mutane, gari ya ɗauki zafi. A watan Yuli na shekarar gwamnati ta kafa gandun Kandaji, da wani yanki da aka keɓe wa dorina.

Ga kuma madatsar ruwa ta Kandaji da aka fara ginawa ƙasa da Ayoru. An aza tubalinta a 2008, aikin ya tsaya, aka sake tayar da shi a 2019 da wani kamfanin Sin. In ta cika za ta ba ƙasa lantarki megawat 130 da ruwan noman rani, abin da duk muke fata. Amma ruwan zai haɗiye tsibirai da ƙauyukan gaɓa, dubban mutane za su tashi. Haka aka yi wa Gungawan Yawuri da mutanen tsohuwar Busa lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968. Abin tambaya, in gungun ya nutse, ina hotunansa suke? Suna cikin akwatunan mutane a Faransa da Jamus. Jikokin masu gungun ba su da su.

ABIN DA WASU TSIBIRAI SUKA GANI

Don kada a ce matsalar tamu ce mu kaɗai, mu leƙa tsibirai biyu da suka fi Ayoru suna.

Gore, a gaban Dakar, ɗan mitsitsin tsibiri ne, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, mazaunansa ba su kai 2,000 ba. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1978 saboda tarihin cinikin bayi. Abin da ya ɗaga Gore shi ne, ɗan ƙasa ne ya riƙe labarin. Boubacar Joseph Ndiaye ya kwashe shekaru sama da 40 yana tsaye a Gidan Bayi yana ba da tarihin da bakinsa, har ya rasu a 2009. Masana sun yi ta gardama kan yawan bayin da suka bi ta wannan gida, amma duk wanda ya shiga, ya san akwai mai gida, kuma ya san ba wurin dariya ba ne. Mandela ya je, Paparoma Jean-Paul na biyu ya je a 1992, Obama ya je a 2013. Ma'aikatar magajin garin Gore tana karɓar ɗan haraji daga baƙin da suka sauka. Duk da haka, a watan Yuli 2003 da shugaban Amurka George Bush ya kai ziyara, jami'an tsaro sun tattara mazauna tsibirin tun da sassafe suka tsare su a filin ƙwallo har ya gama jawabinsa kan ƴanci ya tahi. In baƙo ya yi girma da yawa, mai gida kan zama abin kawarwa a gidansa.

Zanzibar kuma, a gaɓar Tanzaniya, tsibirin Musulmi ne kamar mu. Da kanumfari suka dogara, da kasuwarsa ta faɗi suka buɗe ƙofa ga turis a shekarun 1980. Otel suka cika bakin teku, kuɗɗi suka shigo. Amma wani bincike da wata ƙungiyar Ingila ta fitar a 2012 ya nuna cewa a wasu ƙauyukan, ɗaki ɗaya na babban otel na iya shan ruwa sama da lita 3,000 a rana, alhali gida guda na ƴan gari bai samun lita 100. Batun shiga kuwa, sai a 2021 gwamnatin tsibirin ta fito da tara ga turis da ke yawo cikin gari da kayan wanka, da kuma gid ko kamfanin da ya kawo shi. Shekara fiye da 30 ana haƙuri kafin a rubuta abin da ya kamata a faɗa tun ranar farko.

DARASIN KURE, DA NAMU NA AREWA

Misalin da ya fi kusa da mu yana kan hanyarmu ta zuwa Yamai. Duk ɗan Gesheme ko Tibiri da ya shiga mota ya ratsa Kure, garin raƙuman dawa. A 1996 guda 49 kacal suka rage a duk Afirka ta Yamma. Bayan shekara 20 sun haura 600. Su ma suna ɓarna, suna cin wake a gona, suna cin mangwaro. Abin da ya bambanta shi ne tsari. Ba ka shiga dajin sai ka yanki tikiti, kuma sai da gid na ƙungiyar ƴan yankin, shi ke cewa tsaya nan, kada ka matsa. Ƙungiyoyin kare dabbar kuma sun riƙa gina rijiyoyi da ba mata ƙananan rance, don manomi ya ga wani abu a madadin wakensa. Wannan tsari bai hana masifa ba. Ranar Lahadi 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a can, Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban ƙungiyar gid ɗin. Daga ranar kasuwar ta mutu. Sai dai a shekarun da ta yi tana ci, ɗan gari ne ke gaba baƙo na biye.

To mu dawo gida. Arewa ba ta da kogi, amma tana da abin da ake zuwa gani. Lugu, inda Sarauniya Mangu ta tsaya wa sojojin Voulet da Chanoine a watan Afrilu 1899. Dutsen Tunguma. Bagaji garin Baura. Duwatsun Dogon Dutsi. Kokowarmu da wasanninmu na kaka. Masu bincike sun daɗe suna zuwa, Marc-Henri Piault ya wallafa tarihin Mawri a 1970. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. A Burkina aka ɗauke shi. Sunan Lugu ya zaga duniya, ku je ku ga hanyar da ke kai mutum Lugu.

Kuma yau baƙon ya canza kama. Ba Anasara ba ne mai 504. Mu ne, da wayoyinmu. Ɗan Yamai da ke zuwa tsibirin Bubon ran hutu ya bar leda da robobi bakin ruwa, ɗalibin da aka kai ziyara wurin tarihi ya hau inda ba a hawa don ya yi hoto, mai TikTok da ke ɗaukar tsohuwa tana aikinta ya sa mata waƙar ba'a, duk halin nan ne da muka zargi Turawa da shi. Na yanzu ma ya fi saurin yaɗuwa, don kafin magariba duniya ta gani.

Shi ya sa nake ganin tun kafin zaman lafiya ya dawo baƙi su fara sallama, ya kamata magadan gari da sarakunanmu na gargajiya da masu riƙe da wuraren nan su zauna su aje ƙa'ida a rubuce, da Hausa da Faransanci. Inda ake shiga da inda ba a shiga. Wanda ake ɗauka hoto sai da yardarsa, kuma a aiko mishi da hoton. Kyauta a kai ta hannun makaranta ko mai gari, kada a watsa wa yara. Gid ya zama ɗan wurin, cikin ƙungiya ɗaya mai farashi ɗaya, yadda ba wanda zai karya wani. Kuɗin shiga a san asusun da yake faɗawa, a riƙa karanta lissafinsa gaban jama'a, a ga rijiya ko aji da ya gina. Sannan kada saurayi ya saki gona ko sana'arsa saboda baƙi, ya ɗauki abin a matsayin ƙari. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo, kuma masuntan Ayoru sun nuna tun shekara 70 da suka wuce cewa in mai gida ya yi magana da hujja, baƙo mai hankali yana ji.

Akwai ƴan Arewa da yawa da suka yi aiki ko fatauci a Ayoru zamanin da kasuwar ke cika, malamai, jandarmomi, direbobi, ƴan koli. In kuna cikin masu karatu, ko iyayenku na kusa, ku tambaye su ku rubuto muna abin da suka gani da idonsu, mu ƙaru gaba ɗaya.

Allah ya kawo wa jahar Tilaberi da ƙasarmu baki ɗaya zaman lafiya mai ɗorewa, ya mai da kowa gidansa, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amin summa amin.